Shekarar da Maigidana Ya Ƙi Tuwona

Muna shekara goma sha ɗaya da aure maigidana ya daina cin tuwona. Bayan kaka ne, shekarar da tsutsa ta cinye masa wake. Barci ya ƙaurace masa, ya fara magana shi kaɗai, daga nan ya ce ina zuba masa wani abu a miya. Ni da mata ke aikowa a ɗan sam musu miyar kukata! Na san ciwo ne ke magana, amma wallahi abin ya ci ni. Kwana biyu ina cika ina batsewa kafin tsoro ya kori fushin, don mutum ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

Wansa ya zo daga Kano da mota, ya ce a kai shi asibiti a kwantar. Ban ga laifinsa ba. Amma da maigidan ya ji zancen sai ya rungume turken rumfa yana kuka, yana cewa kada a raba shi da gida. Malamin asibitin da ke zuwa mana daga Kabo a kan babur ya ce zai yi masa allura a gida, ya riƙa leƙowa.

"Amma Hajiya, ke za ki riƙa ba shi ƙwayoyi," ya ce da ni. "In bai yarda da abincinki ba, ba zai karɓi magani a hannunki ba. Mu ga mako biyu. In abin ya ƙi, sai Kano."

A ƙauyenmu na kusa da Durun, lokacin maza ciyayya suke yi. An idar da magariba, kowane magidanci sai a fito da kwanonsa ƙofar gidan liman, a zauna tabarma ɗaya, a ci na wannan a taɓa na wancan. Yanzu kowa a ɗakinsa yake ci, ido a kan waya, kuma ina kewar hayaniyar nan ƙwarai. Liman, wanda shi ya koya wa maigidana karatu, ya ce daga wannan rana ciyayya ta dawo zaurenmu. Su bakwai ne. Ni kuwa ina raɓe a bayan katanga ina saurare. Maigidan yakan yi loma uku ko huɗu a kwanon liman, nawa kuwa ko kallonsa ba ya yi.

A kwana na biyar wayo ya ɗebe ni. Na haɗa baki da matar liman, na zuba tuwona a kwanon gidansu. Loma ɗaya ya yi, na ji ya ce, "Wannan hannun gidana ne." Ya tashi ya shige ɗaki. Yadda ban ji daɗi ba, haka kuma wani sashe na zuciyata ya yi fari, wai har yanzu ya san miyata. Kwana biyu bai fito ba, ko na liman bai ci ba.

Liman ya kira ni daga zaure. Bai ɗaga murya ba.

"'Yata, mutum yana tsoron ana yaudararsa, ke kuma kin yaudare shi. Kada ki ƙara. Ki zuba a kwanonki, ki cika shi."

Na ce, "To, Baba. Na tuba."

Da ya sake fitowa, sai suka sauya salo. Ana ajiye kwanuka, nawa suke fara janyowa. Babu mai ce masa ya ci. Su cinye tas a gabansa, suna santi, maƙwabcinmu mahauci har da siɗe hannu da ƙarfi don kowa ya ji. Kashegari su dawo da ransu da lafiyarsu su sake cinyewa. Na san matansu sun ji haushin kwanukansu na komawa da saura, amma ko ɗaya ba ta yi min gori ba. Yawancin mutanen nan yau sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu.

A rana ta goma sha uku wansa ya aiko cewa mota za ta zo kashegari da hantsi. Na ninke masa riguna biyu na sa a jaka, sannan na tuƙa tuwon dawa ina share hawaye da gefen zane. Aka fitar da kwano. Na ji ƙarar murfi, na ji mahauci ya yi bisimilla. Sai muryar maigidana, a dishe, a hankali:

"Haba, jama'a. Kullum ku cinye wa mutum tuwon gidansa? Ku turo min nan."

Na ji an ja kwano a kan tabarma. Na sulale na zauna a ƙasa, na toshe bakina da mayafi don kada kukana ya hana shi ci.