Yadda Muka Raba Injin Citta Na Yaya Istifanus

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka sa yayana Istifanus a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je coci in yi godiya, in dafa shinkafa in aika wa 'ya'yansa mata biyu, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Wata baƙuwa ce ta zo har gidana a Sabon Tasha, nan Kaduna, ta yi min tambaya guda, kuma tun daga ranar abinci ba ya min daɗi.

Na san ba ku san shi ba, don babu titi ko aji mai sunansa. Makaniken injuna ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da masaƙa ta rufe, abokan aikinsa wasu suka koma acaɓa, wasu gadi, shi kuwa ya kama shago a Nasarawa yana walda da gyaran injin markaɗe. Sau biyu a mako yakan je wata makarantar koyon sana'a ya nuna wa ɗalibai aikin ƙarfe. Karatunsa bai wuce sakandaren fasaha ba. 'Yan unguwa suna ce masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana, shi kuma duka yana amsawa.

Mu 'yan ƙasar citta ne. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san noman citta da sauƙi idan aka kwatanta da tsagawa. Bayan an haƙe, mata ne ke zama da wuƙa, kowane hannun citta a tsaga shi biyu ta tsawo, sannan a shanya. Dole ta tsawo, domin dillalai tsagaggiya suka sani, ita suke saye. Ruwan citta kuwa idan ya shiga yanka, barkono ma albarka. Mahaifiyarmu ta yi kaka da yawa yatsunta a naɗe da tsumma, kuma idan tsagawa ta yi jinkiri, citta ta fara ruɓewa a tsibi tun kafin ta ga rana.

Abin da ya hana Yaya sakat ke nan. Shekara shida ya yi yana ƙera injin da zai tsaga citta yadda mace ke tsagawa. Wahalar ita ce citta ba ta da siffa ɗaya, wata mai yatsu uku, wata a karkace, wata kamar ta yi fushi. Sai da ya yanko robar tsohuwar taya ya yi wasu gammaye masu juyawa, su kwantar da cittar su tura ta bakin wuƙaƙe takwas da ya jera a ciki. Duk kaka sai ya ɗora injin a kan bas ya kai ƙauye. Mata su zuba citta, inji ya dagargaza ta, su yi masa dariya har da riƙe ciki. Ya tambaye su inda ya ɓata, su nuna masa, ya dawo Nasarawa ya kwance ya sake. A shekara ta shida babu wadda ta yi dariya, layi suka yi da kwandunansu. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, amma sai bayan mutuwarsa na gane abin da yake yi ɗin nan shi ne masu manyan riguna ke kira bincike.

A wannan shekarar ce wani shirin raya karkara mai tallafin ƙasashen waje ya shigo. Suka ji labari, suka zo shagon da farar mota, da Turawa biyu da wani Dokta ɗan ƙasarmu. Yaya ya sa kwat ɗinsa na coci, ya saya musu lemo, ya kunna inji. Suka tafa, suka ɗauki hoto, Dokta ya dafa injin kamar shi ya haife shi. Daga baya aka kira bita a otal. Dokta ne ya yi bayanin injin da Turanci mai santsi, Yaya yana kujerar baya da katin baƙo a wuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Da ya nemi a taimaka masa ya ƙera guda goma a raba wa ƙungiyoyin mata, aka ce masa shirin ba ya hulɗa da mutum sai cibiya, kuma ina satifiket ɗinsa na injiniya?

Ƙarshenta daga waje aka yo odar injuna masu ƙyalli. Suna aiki kam, sai dai yanka suke yi fale-fale kamar dankalin suya. Dillalai suka juya buhunan suka ce su ba wannan suka sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma babu wanda ya tambayi mace ko ɗaya. Injunan suka tafi sito, shirin ya rubuta rahoton nasara ya naɗe tabarmarsa. Yaya bai zagi kowa ba. Abin da kawai ya ce min shi ne, "Hannatu, ba komai, kaka na zuwa." Bai ga kakar ba. Hawan jini ya kwantar da shi da damina, bayan kwana tara ya rasu.

Shekaru na yi ina ba da labarin nan, kuma kullum a nan nake tsayawa, don a nan laifin na wasu ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau zan ƙarasa.

A wajenmu, idan mutum ya rasu bai bar ɗa namiji ba, dangi kan zauna bayan jana'iza su raba kayan aikinsa, kowa ya ɗauki abin tunawa. Kawu Bulus, ƙanin mahaifinmu, shi ya shugabanci zaman. Guduma da injin walda duk suka rabu lafiya. Da aka zo kan injin citta sai murya ta fara tashi, gida uku kowanne yana cewa shi ya fi cancanta. Matar Yaya tana gefe tana kuka, babu wanda ya tambaye ta. Ni ce mai ilimi a wurin, ni aka kalla. Ni kuma na gaji, ina jin kunyar Fasto da ke zaune, ba na so a ce mun yi faɗa kan ƙarfe kabari bai bushe ba. Na ce, "Kawu, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A kwance shi kowa ya samu." Aka yaba min hankali. Kafin la'asar aikin shekara shida ya zama kashi-kashi a ƙasa, da sifanar mai shi aka kwance shi. Yaya ba mai zane a takarda ba ne, awonsa duk a kansa yake da cikin injin.

Baƙuwar da ta zo min watan jiya malamar jami'a ce, matashiya mai ladabi, tana koyar da aikin injiniya. Ta ce ta ga hoton injin a wani tsohon rahoto, babu sunan maƙerin, sai da ta bi unguwa-unguwa kafin aka nuna mata ni. Ta ce yanzu masu ba da tallafi fasahar gida suke nema, kuma ita da ɗalibanta sun yi shekara biyu suna gwadawa, nasu injin dagargaza citta yake yi. "Mama," in ji ta, "ko sau ɗaya in gan shi a haɗe in auna. Da sunansa za mu fitar, na yi miki alkawari. Yana ina?"

Na ce ta ba ni mako biyu. Na shiga keke mai ƙafa uku na fara bin dangi. Moton da ke juya injin yana Trikania wurin ɗan Kawu, yana markaɗa tumatir, an sake masa waya sau uku. Ƙafafun ƙarfen na same su nan Sabon Tasha, wata 'yar'uwarmu ta ɗora katako tana sayar da kifi a kai. Gammayen roba, waɗanda su ne sirrin abin, wanda ya gaje su ya ce ai tun tuni yara suka yi wasa da su suka ɓatar, wa zai ajiye guntun taya? Ya faɗa yana dariya, kuma ban iya yi masa faɗa ba.

Ina cikin keken nan ina tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Zai ga an wayi gari kowa na yabon fasahar gida a bita, a irin otal ɗin da aka zaunar da shi a baya. Zai ga ɗaliban da ke zuwa shagunan walda na Nasarawa a ƙera musu aikin kammala karatu, su kai a ba su maki, a jibge a bayan aji ya yi tsatsa. Ina jin ba zai yi fushi ba, ba halinsa ba ne. Zai tambayi malamar nan ko ta taɓa kai injinta ƙauye mata su yi masa dariya. Ni ce ke fushi, da su Dokta, da ƙasar da ke tambayar takarda kafin ta kalli aiki, da kaina fiye da kowa.

Wuƙaƙen nan takwas kason gidan Kawu ne, don haka na tafi ƙauye. Kawu ya rasu, matarsa Mama Laraba na nan. Na tarar da ita a gindin mangwaro da surukanta, tsibin citta a gabansu. Kowace tana riƙe da wuƙa mai ƙotar itace, kuma tun daga nesa na gane ƙarfen. Maƙerin ƙauye ne ya sa musu ƙota. Na gaishe ta, na yi mata bayanin malamar jami'a, na roƙi ko guda ɗaya.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannatu, kin ga tsibin nan? In ba mu gama kafin Lahadi ba ruɓewa zai yi. Wuƙar Istifanus ba ta dakushewa, duk ƙauyen nan aro ake zuwa. Allah ya ji ƙansa, ya iya ƙarfe. Ki bari sai bayan kaka."

Abin da ya rage na yayana ke nan a duniya, ban da 'ya'yansa: moto mai markaɗe, teburin kifi, da wuƙaƙe takwas a hannun matan da ya so ya raba da wuƙa. Suna sa masa albarka da zuciya ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Na zauna na taya su tsagawa har yamma, na dawo Kaduna hannu rabbana.

Malamar ta kira ni sau uku. Ban ɗauka ba tukuna, don har yanzu ina neman bakin da zan gaya mata cewa ni ce na ce a kwance shi.