Shafin da Sani Ya Sa Sunansa

Yau shekara shida da rasuwar Sani, abokin aikina da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Al Qusais ta Dubai kafin matata ta zo. Mu biyu muke kula da manhajar wani kamfanin jigilar kaya a Dubai Investments Park, inda nake har yanzu.

A bakinsa na fara jin dalilin da ya sa masu kwamfuta suke ce wa kuskuren manhaja "bug", wato ƙwaro. Ya ce injiniyoyi sun daɗe da kalmar, amma ta ƙara bazuwa ne bayan wata ƙatuwar tsohuwar kwamfuta ta sami matsala a Amurka. Da aka duba sai ga ɗan ƙwaro mai fiffike ya maƙale a ciki. Suka ciro shi, suka manna shi a littafin aiki. Mannawar nan ce ta burge Sani, yadda suka ga abin da ya ɓata aiki ba su ɓoye ba. Sai ya sayi littafi mai baƙin bango, duk kuskuren da muka gano ya rubuta da hannu, da sunan wanda ya yi shi. Na sha yi masa tsiya, ina kiransa Sarkin Ƙwari.

Wata rana na canza layi ɗaya a manhajar ban gwada ba, kwantenar wani ɗan kasuwar Kano ta tafi tashar da ba tata ba. Lokacin matata tana da tsohon ciki, bizarta kuma a kan aikina take. Sani ya dube ni, ya buɗe littafin, ya rubuta sunansa.

"Khalas, shi ke nan, Habu," ya ce, "ni ba ni da iyali a nan."

Na bar shi ya ɗauki laifina. Aka sallame shi, ya koma Kano, bai cika shekara ba rashin lafiya ta ɗauke shi. Kunya ta hana ni ko zuwa duba shi.

Yanzu a ofishinmu na'ura ce take gano kuskure, ta gyara kafin shayinka ya huce. Da Sani zai leƙo, na san zai ce an huta, sannan ya tambayi inda ake rubuta suna.

Littafin yana wurina. Shafi ɗaya ne ƙarya a cikinsa, kuma saboda ni ya yi ta. Yarinyar da aka haifa mini a lokacin har ta shiga firamare, ba ta san wanda ya rufa mana asiri ba. Da safiyar yau na soke sunansa na rubuta nawa, ko da yake na makara.

Allah ya jiƙan Sani. Ni na aika kwantenar nan.