Shingen da Ruwa Ya Kashe

Shekararsa sittin da uku, goma sha tara daga ciki ya yi su yana kula da lambun gida ɗaya. Baba Mai Lambu kowa ke kiransa, har matarsa idan tana jin tsokana.

Gidan na wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu. Shingen da ke gaban gidan, tushe arba'in da biyu, Baba ne ya dasa shi shekara uku da suka wuce. Ƙasar wurin yumɓu ce. Da rani ta tsattsage kamar faso, da damina ta ƙwace wa mutum takalmi. Don haka ya haƙa ramuka masu zurfi, ya cika su da yashi da taki, yana ganin gata ya yi wa itatuwan.

Bara ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa, daga ƙasa zuwa sama. Uwar gida ta leƙo ta taga ta ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Ya ƙara, safe da yamma. Ya ce a ransa bai yarda ba, amma mai lambun da ba a gan shi riƙe da tiyo ba, zaman banza ake cewa yana yi. Tushe goma sha ɗaya suka mutu.

Babban ɗan gidan ya zo ya zagaya, ya ce idan abin bai gyaru ba kafin ƙarshen damina, za a tumɓuke shingen a ja katangar bulo. Katanga ba ta buƙatar aski, ba ta buƙatar mai lambu, kuma Baba a shekarunsa ba ya jin wani gida zai ɗauke shi.

Ran nan ya sa shebur ya tono ɗaya daga cikin matattun. Ruwa ya tarar kwance a gindin ramin. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari. Yumɓun ya riƙe ruwan ta kowane gefe, ramin ya zama randa. Da ya ba matarsa labari, sai ta ce, "Wato shekara uku kana jiƙa su kamar wanki, Malam."

Bai yi dariya ba. Bayansa ke ciwo.

Sati biyu ya ɗauka yana aikin da da can kwana uku zai yi. Ya yanka 'yar magudana zuwa lambatu. Ya ja kunya mai tsayin taƙi biyu, ya cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganye, ya dasa sababbi a kan tudun. Wannan duk mai sauƙi ne, in ji shi, domin ana ganin gumi. Mai wuyar shi ne barin ban ruwa, uwar gida tana kallo.

Jiya da safe ta buɗe taga, ta ga tiyon a naɗe a jikin ƙusa.

"Baba, yau ma hutu muke?"

"Aiki nake, ranki ya daɗe."

Ta dube shi, ta dubi ganyen da har yanzu bai koma kore ba, ta ja labule. Shi kuwa ya durƙusa da ƙyar, ya tura yatsa cikin kunyar, ya ji da sauran danshi. Ya goge yatsan a wando, ya bar tiyon inda yake.