Dakta Rabi da Jarfar Inna

Shekara bakwai ke nan da muka rasa yayata, Dakta Rabi. Har yanzu idan na bi ta unguwar Gawuna na hango gidan da ta zauna, wanda sababbin masu shi suka shafa wa wani fenti ruwan hoda da ba za ta taɓa yarda da shi ba, sai na ji kamar in tsaya in shiga in ba ta labarin gari. Mu uku mahaifiyarmu Inna ta haifa: Yaya Alhaji ne babba, sai Rabi, sai ni auta. Ita ce 'yar bokon gidan, malamar ilimin zamantakewa a jami'a. Yaya Alhaji yakan tsokane ta ya ce tsegumi ne kawai aka ba shi digiri. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce ta yarda, amma nata tsegumin albashi ake biyan ta a kansa.

Abu biyu ta ƙarar da rayuwarta tana bincike a kai, kuma mu a gida ba mu ga abin da ya haɗa su ba. Na farko jarfa, wato zanen ƙawa da wanzamai ke yi wa 'yan mata a fata a zamanin da, a tsattsaga da aska a shafa baƙin tukunya, ya zauna har kabari. Ta sha tafiya ƙauyukan Jigawa da Katsina ta zauna a tabarma da tsofaffi, tana tambayar su wa ya yi musu, don me, kuma me suke ji game da shi yanzu. Na biyu shi ne yadda iyali ke haɗa kuɗin karatun yaro, da abin da hakan ke yi wa zumunci. Ni dai ina ganin bincikenta kamar abin da ya shafi gidajen wasu. Ashe a falonmu za a yi karatun.

Nura shi ne ɗan farin Yaya Alhaji. Kamar yadda aka saba, ana yaye shi Inna ta ɗauke shi, tunda uwa ba ta sakewa da ɗan fari. A ɗakin Inna ya tashi, a gidan Yaya da ke Nassarawa GRA, ita ke ba shi tuwo a baki, ita ke ɓoye shi a bayanta idan ya yi ɓarna. Da ya gama sakandare aka sama masa gurbin karatun haɗa magunguna a Indiya. Gidan GRA yana ruɗin mutane, su ɗauka duk wanda ke ciki a kan kuɗi yake kwana. Yaya ma'aikacin gwamnati ne kawai. Sai da ya ci bashi a ƙungiyar ma'aikatan ofishinsu, ya jinginar da filinsa na Badawa, ga naira kullum tana faɗuwa. Daga lokacin duk hirar da za a yi a kan Nura ta koma ta kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa.

Yana shekara ta biyu Inna ta rasu, jarrabawarsa kuma ta matso. Manya suka taru suka yanke cewa kada a faɗa masa. Ba sabon abu ba ne, gidaje da yawa haka suke yi wa ɗalibin da ke nesa, kuma da kyakkyawar niyya. Yaya ya ce idan yaron ya rikice ya faɗi, shekara guda ta tafi, shi kuma ba shi da inda zai sake samo ta. Rabi kaɗai ta ƙi. Ta ce mutuwar tasa ce fiye da ta kowa, ba mu da ikon riƙe masa ita. Aka ce mata boko ne ke ɗawainiya da ita. Saboda haka duk lokacin da Nura ya bugo ya nemi Inna, sai a ce tana barci, ko ta je ƙauye duba dangi. Bayan watanni ya ga hotonta a wayar wani ɗan uwa, an rubuta addu'ar Allah ya jiƙanta a ƙasa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya ci jarrabawarsa, aka yi ta murna.

Da ya zo hutu, wata Juma'a ya tsuguna a bakin famfon tsakar gida zai yi alwala, ya naɗe hannun riga, mahaifinsa na fitowa. A saman tsintsiyar hannunsa na dama akwai baƙin zane irin wanda samarin zamani ke zuwa shago a yi musu da allura. Yaya bai ko tsaya dubawa ba. Ya ce bai ci bashi don a dawo masa da ɗan iska ba, ba zai ƙara biyan sisi ba, kuma yaron ya tattara ya bar masa gida. Wanda ya san Yaya Alhaji ya san ba ya faɗa ya janye. Uwar Nura tana ɗaki tana kuka, ba ta da bakin magana a kan ɗan fari. Karatun yaron da zamansa a cikinmu duk suna shirin ƙarewa a yini ɗaya.

Ni na bugo wa Rabi. Ta iso bayan La'asar, ko mayafinta ba ta gyara da kyau ba. Ta gaishe da Yaya yadda ya kamata, ta zauna, ta sa aka kira Nura.

"Matso nan. Nuna mini hannun."

Ya miƙa yana kallon ƙasa. Ta riƙe hannun ta daɗe tana dubawa, sai na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban saba gani ba.

"Yaya," ta ce, "don Allah zo ka duba."

"Ba abin da zan gani. Haramun haramun ne."

"Ban ce halal ba ne. Cewa na yi ka duba."

Ya taso da ƙyar. Layi uku ne gajeru, da ɗigo-ɗigo kewaye da su, kamar sawun tsuntsu a rairayi. Ni ma sai a lokacin na gane. Jarfar Inna ce, wadda wanzamin ƙauyensu ya yi mata tana budurwa, a daidai wannan wurin. Tun da ta dawo daga aikin hajji ta ji malamai sun ce babu kyau, ta yi istigfari ta koma sa riga mai dogon hannu, har mu 'ya'yanta muka manta da ita. Wanda bai manta ba shi ne yaron da hannun nan ya ciyar.

Rabi ta tambaye shi, "Yaushe ka yi?"

"Ranar da na gani a waya, Gwaggo. Babu wanda zan yi wa gaisuwa, babu wanda zai yi mini. Kabarinta ma ban sani ba. Na fita kawai ina ta tafiya, har na tsinci kaina a shagon masu zanen."

Sai ta juya ga Yaya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hukuncin zanen na malamai ne, yaro ya je ya tambaya ya tuba, kamar yadda Inna ta tuba ba wanda ya kore ta daga gidan kowa. Amma mu da muka hana shi zaman makokin wadda ta raine shi, don muna tsoron asarar kuɗin makaranta, ba mu ne za mu kore shi a kan yadda ya yi makokin shi kaɗai ba. Ta ce, "Yaya, bashin nan ya sa ka daina ganin Nura. Filinka na Badawa kake gani yana yawo da riga da wando."

Ban taɓa jin wani ya faɗa wa Yaya Alhaji magana irin wannan ba, kuma ban taɓa alfahari da 'yar uwata kamar ranar ba. Ya tashi ya shige ɗakinsa. Washegari da safe ya kira Nura, ya ce ya shiga mota. Maƙabarta ya kai shi, ya nuna masa inda Inna take. Da hutu ya ƙare, yaron ya koma makaranta.

Yau idan na dubi gari, nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce. Yanzu akwai bashin karatu da ɗalibi ke nema da kansa ta waya, ya biya idan ya fara aiki. Maƙwabciyata tana murna 'yarta ta samu, kuma ina taya ta, domin ba don shi ba yarinyar da tana gida. Na san Rabi ba za ta kushe shi ba. Amma za ta sa kujera ta zauna da yarinyar ta tambaye ta abin da ba wanda ya tambaya: yanzu da nauyin ya sauka daga wuyan uba ya hau naki, kin fi samun 'yanci ne ko kin fi zama ke kaɗai? Idan kin gama babu aiki, wa za ki faɗa wa? Ta sha cewa a gidan Bahaushe ba a taɓa yin karatu kyauta ba, ko a da can akwai kawun da ya sayar da bijiminsa, akwai gwaggon da ta ba da awarwaronta, kuma yaro yana girma yana jin idonsu a kansa. Abin da ke damunta shi ne lokacin da gida zai fara lissafa yaro maimakon sauraronsa.

Zanen ma ya yawaita, sai dai a ɓoye. Wata ƙawata da ke aikin jinya ta ce tana ganinsa a kafaɗun 'ya'yan manyan gidaje idan sun zo allura, sunan uwa, ko wata alama da su kaɗai suka san ma'anarta. Mutane na cewa tarbiyya ta lalace, kuma wani wurin gaskiya ne. Rabi za ta ce tsaga da jarfar da can suna faɗin gidan da ka fito, dangi ne ke yi maka kana so ko ba ka so. Na yanzu yaro ne ke kai kansa, kuma sau da yawa abin da ya kasa faɗa a gida ne yake sawa a rubuta masa a jiki. Ba ta taɓa cewa a bar su ba. Cewa take a fara da tambaya kafin a ɗauko bulala.

Nura ya gama, yana aikinsa, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya je wurin malamai, ya tuba, likitoci sun goge abin da zai gogu. Filin Badawa bai dawo ba, kuma ban ƙara jin Yaya ya ambace shi ba. Littattafan Rabi suna can a ɗakin karatu, ban san ko ana buɗe su ba. Abin da na tabbatar ya saura daga gare ta na gan shi ne ranar da ta rasu.

Ciwon bai daɗe ba. A lokacin Nura yana Legas, washegari zai zauna jarrabawar ƙwarewa da ya daɗe yana shiri. Muna tsaye a barandar asibiti wata dattijuwa cikin dangi ta ce a bari ya gama tukuna, kwana ɗaya ne kawai. Wasu suka gyaɗa kai. Yaya Alhaji ya zaro wayarsa, ya kira a gabanmu.

"Nura, ni ne. Gwaggonka Rabi ta rasu yanzun nan. Na san gobe kana da jarrabawa. Ko ka ci ko ka faɗi, wannan daga bakina za ka ji."

Daga ranar ba a ƙara ɓoye wa kowa mutuwa a gidanmu ba. Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya haɗa ta da Inna a Aljanna.