Mijin da Bai Taɓa Kawo Cefane Ba

Iya, mahaifiyar Babanmu, ba ta taɓa kirana da sunana ba. "Maigida" take ce mini, irin tsokanar nan ta kaka da jikanta namiji, kuma kullum da ƙorafinta. "Wannan wane irin miji Allah Ya haɗa ni da shi? Ga ci kamar gara, amma ko barkono bai taɓa kawo mini ba." Ni kuwa sai in bugi ƙirji in ce ta bari in girma, buhu-buhu zan riƙa sauke mata. Sai ta ce to, tana jira, amma fa in yi sauri.

A unguwar Kinkinau muke a lokacin, a gidan haya mai ɗakuna biyu da 'yar tsakar gida. Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Shekarun nan ne da albashi ya tsaya wuri ɗaya, kuɗin mudu kuwa kullum sai hawa yake. Shayi da burodin safe ya koma koko, naman miya ya koma ƙashi, kananzir ya yi wuya har Mama ta goge risho ta ɗora a kan kwaba, muka koma murhu. Abin da ke damun manyan gidan ɗaya ne: yadda masarar da aka auna farkon wata za ta kai mu ƙarshensa.

Da yake Mama na goyon ƙaninmu, Iya ce ta karɓi cefane. Ba ta zuwa kasuwa sai bayan la'asar, lokacin da masu kayan gwari suka gaji suna neman rabuwa da abin da ya rage. Sai ta kwaso fasasshen tumatir, ta wanke, ta yanyanka ta shanya a kan kwanon rufi. Kuɓewa ma haka, in ta yi araha. Ƙashi ɗaya sai ya ziyarci tukunya sau biyu kafin a ba mu mu gwigwiya. Ƙanzon tukunya ba a zubarwa, ana busarwa a yi kwaɗo. In ta kai niƙa sai ta tsaya a kan mai injin har ya kaɗe mata garin da ya maƙale. Ni kunyar wannan nake ji, in na hango ta ina cikin abokai sai in kau da kai.

Amma bayan magariba ba wanda ya kai ni son ta. Mama za ta kwashe tuwo, ta fara zuba na Iya a kwanonta mai murfi, ta kai wa Baba nasa ɗaki, sannan ta ajiye mana namu, ni da ƙanwata Hadiza, a bakin murhu inda garwashi bai gama mutuwa ba. Ita kuma ta shige ciki da jariri, don surukar kirki ba ta zama ta ci abinci a gaban uwar mijinta. Nan Iya za ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ɗora kwanonta a cinya, ni kuma in fara roƙo. "Iya, tatsuniya! Don Allah ko ɗaya."

Tana da doka. Wai bakin da zai yi tatsuniya ba ya taɓa tuwo, in ba haka ba harshe ya yi nauyi labari ya ƙi fitowa. Wai kuma masu sauraro dole bakinsu ya kasance a cike, don kada su katse ta. Saboda haka tana farawa tana gutsuro tuwo daga kwanonta tana sakawa a namu. "Ga ta nan tafe da ƙafarta," in ji ta. Mu ce, "Ta shigo mu ji." Kafin ta kai ƙarshe ta mayar da murfi, ta ce sauran sai ta shiga ɗaki za ta ci a natse. Na lura tatsuniyoyinta sun fi tsawo da daɗi in wata ya yi nisa, har nakan ƙosa ƙarshen wata ya zo.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai an yi fari a wani gari, ga wata mata da 'ya'ya rututu, ba ta da ko tsaba. Ta je rafi tana kuka, sai wata tsohuwa ta fito daga cikin ruwa ta ba ta wata baƙar tukunya. In an ɗora ta a wuta, ko ruwa zalla aka zuba, sai ta cika da tuwo. Sharaɗi ɗaya ne: kada wani ya tambayi inda tuwon yake fitowa. Yara suka ci suka yi kumatu, maƙwabta na mamaki. Sai autarsu, mai shegen bin diddigi, wata rana ta leƙa ta ce, "Ke tukunya, wai ina kike samo wannan?" Nan take tukunya ta tsage gida biyu, suka koma cin ganye. Iya takan rufe da cewa, "Kun ji dai. In an ba yaro abinci, ya ci ya gode wa Allah, ya bar tambaya. Ta ƙare, a suɗe kwano."

Ni na haddace wannan darasi, har ina alfahari da shi. Hadiza ce dai ba ta gamsu ba. Wata rana ana tsakiyar labarin ta ce, "Iya, ita uwar tasu me take ci?"

Iya ta gyara itacen murhu. Ta ce, "Ita turirin tukunyar ma ya ishe ta."

Hadiza ta kalli kwanon da ke cinyarta. "To ke yaushe za ki ci naki? Ai kin zuba mana duka."

Ni na daka mata tsawa. Na ce ita ce autar nan mai fasa tukunya, ta rufe mana baki ta bari mu ji labari. Na yi ta kiranta "mai fasa tukunya" har ta yi kuka, daga ranar ba ta sake tambaya ba. Iya ta shafa kaina ta ce yau dai maigida ya yi abin kai. Na ji daɗin yabon nan ƙwarai, na kai loma.

Ba a daɗe ba, wata yamma aka kawo Iya gida a bayan wata motar ɗaukar kaya. Jiri ne ya kwashe ta a hanyar dawowa daga kasuwa, tumatirinta ya watse a titi. Baba ya wuce da ita asibiti. Da ya dawo ɗaukar mata zane, ya tsaya a tsakar gida ya ce da Mama, "Sun ce jininta ya yi ƙasa sosai. Wai tambayata suke ko tana cin abinci. Na ce ai nata ake fara zubawa."

Mama ta ce, "Wallahi kullum kwanon a wanke yake dawo mini."

Hadiza ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Mu take ba wa, Baba. In tana tatsuniya."

Na jira mari, har na so a mare ni. Baba bai ko dube ni ba. Ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin kansa a sunkuye irin na ranar ba.

Da aka sallamo ta, na ɗauki kwanonta da kaina na ajiye mata. Na ce yau ni zan yi tatsuniya, kuma ta san doka: mai labari ba ya ci, mai sauraro kuma bakinsa a cike. Ta yi dariya har da tari. "Oh ni! An kama ni da igiyata." Na fara, na kwaɓa, na haɗa kura da jirgin sama, Hadiza na gyara mini. Iya ta ci 'yan lomomi ta ture kwanon, ta ce cikin ya saba da kaɗan. Daga nan Baba ya dawo cin abinci a tsakar gida tare da mu, idonsa a kan hannunta. Amma ƙarfinta bai dawo kamar da ba. Kafin in shiga sakandare ta rasu.

Mutane sukan ce mini ai yaro ne kai, me ka sani? Gaskiya ne ban sani ba. Amma Hadiza ta fi ni ƙanƙanta, ta gani, ta kuma tambaya, ni na toshe mata baki don kada labari ya tsaya, kada kuma loma ta tsaya. Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Sai da na girma na gane Iya ba don ta koya mana ladabi ta ƙirƙiro ta ba, katanga ta gina ta ɓoye yunwarta a bayanta, ni kuma na zama mai gadi. Shi ya sa a gidana yaro yana da izinin tambayar inda abinci ya fito, da wanda ya ci, da wanda bai ci ba.

Yanzu duk ƙarshen wata nakan shiga kasuwa in auno masara da shinkafa, in sayi tumatir lafiyayye wanda ba fashi ko ɗaya. In an gama lodawa a mota nakan tsaya in dube shi. Ga buhunan da na yi alkawari, Iya. Kin ce in yi sauri, ban yi ba.