Tayoyin da Abílio Ya Ba Baƙi

Kowace safiya, kafin gidan burodi ya fitar da zubin farko, Abílio Meireles ya riga ya buɗe zauren wasanmu. Sai ya durƙusa ya shafa daɓen katako da tafin hannu. Da shafar nan yake gane ko laimar kogi ta shigo, ya san irin tayar da zai ɗaura wa takalman 'yan wasanmu na hoki, waɗanda kan takalmi mai taya suke wasa: mai tauri in daɓe ya bushe, mai laushi in ya yi gumi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ranar Asabar zai miƙa makullai.

A kan tayoyinsa ƙungiyar nan ta taso daga filin siminti na bayan coci, ta shiga rukunin manya, ta ci kofin yanki sau uku. Duk da haka kwamiti na gardama har yau, ko za a kira shi tsakiyar fili a tafa masa. Dalilin gardamar ne ya hana ni sukuni.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, wasa ɗaya ya rage mu zama zakarun Portugal, kuma a gidanmu za a buga. An kwana ana ruwa. Abokan karawar sun zo daga kudu da tayoyi masu tauri kaɗai. Tun wajen motsa jiki suke zamewa, ɗayansu ya daki katangar fili goshinsa ya fashe, mu kuwa muna ta shewa. Graciete mai wankin riguna ce ta ga Abílio ya ɗauki akwatin tayoyinmu masu laushi ya shiga ɗakin baƙin. Suka ci mu uku da biyu. Ba mu sake kusantar matakin nan ba.

Shugaban ƙungiya, Valdemar, ya tare shi a ƙofa. "Abílio, wai kai ɗan wane gari ne?"

"Na nan ne, ranka ya daɗe. Amma ni na shafa daɓen nan da safe. Na san abin da zai yi musu."

A shagon shan kofi aka raɗa masa suna. Da ya shigo sai a ce, "Ku matsa, ga kocin 'yan kudu! A ba shi mai laushi!" Ina cikin masu faɗa. Shekara biyu ban gaishe shi ba.

Na karanta abin da na iya karantawa a kan lamarin, ban warware shi ba. Ba doka ya karya ba, ba doka ce ta sa shi ba. Da ya yi shiru, ba mai zarginsa, kuma da tsohona ya ga kofin kafin ya rasu. To laifi ne ko alheri? In alheri ne, me ya sa har yau yake min ciwo?

Jiya na tambaye shi ko ya yi nadama. Yana goge kabad ɗin kofuna, har da gurbin da aka tanada tun makon wancan wasan ba a sa komai ba.

"Kullum, ɗan'uwa," ya ce. "Amma gobe ma sai in kai musu."

Kai ne mai tafin hannun da ya fi idonmu gani, Abílio. Kai ne ka ɗauki zagin gari guda, washegari ka zo ka buɗe zaure. Na gode, kuma ka yafe min shekara biyun nan.

Ku masu tasowa, in akwatin ya zo hannunku, ku tuna da shi. 'Yan kwamiti kuma ku yi ta gardamarku. Ni dai ranar Asabar zan miƙe tsaye in tafa, ko da ni kaɗai ne, ko da ban gama ganewa ba.