Rabin Saƙo a Bakin Dam

Har yau ranar da masunta suka tsamo Anti Nafisa daga ruwa ba ta fita daga raina ba. Gwaggo Asabe ta ce in rubuta muku labarin, ku da za ku kama aiki a masaukin nan a wannan hutun, don ta san idan aka ce in faɗa da baki ba zan kai ƙarshe ba.

Abin ya faru a hutun bazara, ina aji ɗaya na babbar sakandare. Ga wadda ba ta san tsarin wurin ba, masaukinmu ɗakuna huɗu ne da rumfar cin abinci, a bakin dam, a ƙasar Bebeji. Gwaggo ce mai wurin. Bayanta sai Malam Isa, shi ke gadi, shi ke kuma raka baƙi duk inda za su. Sai Inna Talatu mai girki. Ni ce ta ƙarshe, aikina wanke-wanke da sauya zanin gado da duk aiken da ya taso.

Baƙinmu ba don gado ko abinci suke zuwa ba, don ruwa suke zuwa. Ruwan kuwa ba a hannunmu yake ba. Mashigar da ke ƙasan masaukin ta masunta ce, babbansu kuma wani dattijo ne mai ciwon gwiwa da muke kira Baba Sarki. Ƙa'idarsa ita ce, duk baƙon da zai taɓa ruwa, ko a kwale-kwale ne, sai an je an gaya masa abu uku: wane ne, ina zai shiga, me zai yi. Dalili kuwa masunta suna barin kayan aikinsu a ciki. Akwai kalli, wato raga da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana. Akwai mamari, doguwar igiya da aka jera wa ƙugiyoyi tun daga farkonta har ƙarshe. Daga tudu ba a ganin komai sai 'yan robobi suna lilo. Idan an sanar da Baba Sarki, shi zai ce ga inda za a shiga, ya sa a janye abin da za a janye, ya kuma sa mutum ɗaya ya tsaya da jirgi yana lura. Kullum Malam Isa ne ke kai wannan saƙo.

Anti Nafisa ta sauka daga acaɓa wata Laraba da yamma, goye da jakar da ta fi ta faɗi. An ɗaure tabarma ƙarama a samanta, buta tana reto a gefe. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta ɗauki hutu, ta ce so take ta zaga duk inda ruwa yake a jihar nan. Da na kai mata zanin gado, na tarar ta zazzage jakar a ƙasa. A cikin kayan na ga wani tabarau mai faɗi da ke rufe ido da hanci, da lanƙwasasshen bututun roba, da takalma masu kama da ƙafar agwagwa. Ban tambaya ba, amma ta ga inda idona yake.

"Zo ki zauna, ƙanwata. Ya sunanki?"

Na ce Sa'adatu.

Ta ce a Masar ta yi karatu. Idan an ba su hutu, ita da ƙawayenta sukan goya jaka su hau bas zuwa wani ɗan gari da hamada ta zo ta tsaya a bakin teku. Ta ce bayanka jajayen duwatsu ne, ko ciyawa babu, gabanka ruwa ne garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Ba mai sauri a garin. Idan ka ce a kawo shayi, sai ka yi barci ka tashi kafin ya iso, kyanwa kuma ta riga ta kwanta a matashinka. Ɗaki mai araha suke kamawa su huɗu. Da safe sai su taka 'yan taku cikin ruwa, su kifa fuska, bututun yana sama suna numfashi da shi.

"Sa'adatu, kifi ja, kifi shuɗi, wani rawaya kamar an tsoma shi a miyar taushe. Suna wucewa ta gaban hancinki ba ruwansu da ke."

Na ce a hankali, namu ruwan ba shi da haske haka.

"Na sani. Ko karfasa ɗaya na gani, na ci riba."

Washegari Malam Isa ya tafi Tudun Wada sayayya tun da sassafe. Anti Nafisa ta ce da hantsi za ta shiga, a lungun duwatsun da ke gabas da mashiga. Gwaggo ta kira ni kicin, ta jera mini saƙon dalla-dalla: baƙuwa ce mace, lungun duwatsu za ta shiga, kuma kwanciya za ta yi a kan ruwa fuskarta a ciki, tana numfashi ta bututu. Ta sa na maimaita. A gabanta na maimaita ba kuskure.

Na tarar da masuntan a gindin marke, sun kai su goma, suna ɗinkin raga. Na durƙusa nesa kaɗan na gaida su. Baba Sarki ya amsa da fara'a, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi makaranta. Wani matashi da ake kira Habu ya ce, "Yau 'yar boko ce da kanta? Ku gyara zama, Turanci za mu sha." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma sai na ji harshena ya yi nauyi. Na dubi allurar da ke hannun Baba Sarki, ta kara ce, bakinta ya yi sumul saboda aiki. Na yi ta tunanin yadda zan buɗe baki a gaban maza goma in ce mace za ta kwanta ruf da ciki a kan ruwa da bututu a baki.

Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo ta ce baƙuwarmu za ta je bakin ruwa."

"To, madalla. Ta yi hankali da santsin dutse."

Na gane Baba Sarki ya ɗauka irin masu zama a kan dutse suna ɗaukar hoto ce. Na gane sarai. Duk da haka na tashi. Da na koma Gwaggo ta ce, "Kin faɗa?" Na ce na faɗa.

Ni na riƙe wa Anti Nafisa tawul. Ta sa baƙaƙen kaya masu rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, da hula mai kama kai. Ta tofa yawu a gilashin tabarau ta goge, ta ce hakan ke hana shi yin hazo. Ta shiga da baya saboda takalman, ta kwanta, ta fara tafiya a hankali. Da ta yi nisa kaɗan sai ta daina motsa ƙafa, ta saki hannuwanta. Daga inda nake ina ganin kan bututun, ina ganin ɗan ruwan da yake fesowa jifa-jifa. Wanda bai san da shi ba kuwa, abin da zai gani mutum ne cikin baƙaƙen kaya, ruf da ciki, ruwa yana lilo da shi.

Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta fara hango ta daga kan hanya. Ta sauke ƙwaryarta, ta ɗora hannu a ka, ta kwarma salati. Kafin in juya, jirage biyu sun baro mashiga, filafilai suna dukan ruwa. Baba Sarki ya biyo ta kan duwatsu da gudu ba takalmi, da wannan gwiwar tasa. Ya wuce ta gabana. Abin da kawai ya rage in ce shi ne tana da rai. Na buɗe baki, na ce "Baba", amma ni kaɗai na ji.

Habu ne ya faɗa ruwa. Ya kama ta ta baya, ya tallafo haɓarta yadda suke yi wa wanda ruwa ya ci. Bututun ya fita daga bakinta, ta shaƙi ruwa, ta fara kai masa duka da takalmin agwagwa. Ya sake ta don tsoro, ya kuma kama ta. Da ƙyar suka jefa ta cikin jirgi. Tana tari tana cewa, "Lafiyata ƙalau, bayin Allah, kifi nake kallo." Habu ya koma ƙarshen jirgin ya zauna yana dubanta.

Da suka iso gaɓa wasu suka fara dariya. Baba Sarki bai yi ba. Dutse ya yanke shi a tafin ƙafa, jini yana bin yatsunsa. Ya ce wa ɗaya daga cikin masu jirgi ya koma daidai inda aka ɗauko ta ya ɗaga robar da ke gabanta. Mutumin ya koma, ya miƙa hannu kawai, ya jawo igiya sama. Ƙugiyoyin mamari suka fito suna ƙyalli a rana, a jere, wasu da tarwaɗa a jiki. Ko gaba uku babu tsakaninsu da inda take kwance. Dariyar ta tsaya. Anti Nafisa ta zauna a kan dutse.

Gwaggo ta iso da mayafinta a hannu. Baba Sarki bai ɗaga murya ba.

"Asabe, shekara nawa muna tare ban binne baƙonki ba? Daga yau ba wanda zai fito daga gidanki ya taɓa ruwan nan. Ko jirgi ba za a ba shi ba."

"Ranka ya daɗe, ai na aiko."

"An ce mini bakin ruwa. Bakin ruwa nan ne inda nake tsaye."

Gwaggo ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai. Ta durƙusa ta ce, "Laifina ne, Baba. Ni ce ban tsara mata maganar da kyau ba." Na san ba haka ba ne, ita ma ta sani. Na kuma san idan aka hana baƙinmu ruwa, ɗakuna huɗun nan sun zama rumbun ajiye buhu.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na durƙusa da tawul ɗin har yanzu a hannuna. Na ce, "Baba, Gwaggo ta faɗa mini duka. Ni ce na ji kunya na rage."

"Ɗaga murya, 'yar nan, ruwa ya cinye mini kunne ɗaya."

Na sake faɗa, wannan karon har mai nono ta ji.

Ya nuna mutanensa da hannu. Sannan ya ce, "To, ga ni, ga su. Ba ni saƙon yanzu yadda aka ba ki."

Na faɗa. Baƙuwa ce mace, lungun duwatsu za ta shiga, za ta kwanta ruf da ciki fuskarta a ruwa, tana numfashi ta bututu. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ba wanda ya yi dariya sai Habu, shi ma wani ya dungure shi.

Baba Sarki ya ce, "Da kin faɗa mini haka da safe, da na ce Asabe ta fara zolayata. Amma da na sa an janye mamarin." Ya juya wajen Gwaggo. "Tashi. Na janye maganata. Sai dai daga yau ba na son Isa ya kawo mini saƙon gidanki. Wannan nake so ta riƙa kawowa."

Anti Nafisa ce ta wanke masa ƙafar ta ɗaure, da kayan da ta fito da su daga aljihun jakarta. Yana ta mita wai yankan bai kai a ɓata bandeji ba. Ta ba shi haƙuri, ta ba Habu haƙurin dukan da ya sha. Habu ya ce shi bai taɓa ceton wanda ya rama ba sai yau.

Ranar Asabar na sake zuwa gindin marke na kai saƙo cikakke. Baba Sarki da kansa ya zaɓi wuri mai rairayi, ya sa aka kwashe komai, ya shiga jirgi ya zauna lura. Da Anti Nafisa ta gama, sai ya yi gyaran murya ya ce a miƙo masa tabarau ɗin ya ga abin da ake wahala a kansa. Bututun kam ya ƙi, ya ce ba zai sa abin da ya shiga bakin wani ba. Ya cire hula, Habu ya riƙe masa riga ta baya, ya sunkuya daga jirgi ya tsoma fuska. Ya ɗago, ya ja numfashi, ya sake komawa. A karo na uku ya ɗago gemunsa yana ɗigar ruwa, ya ce ya ga karfasa a kan gurbinta, ta share rairayi ta yi ɗan rami kamar akushi, tana korar duk wanda ya matso. Ya ce tun yana yaro yake taka irin ramin da ƙafa, bai taɓa ganin mai shi a ciki ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Mu masu aike ba mu da ikon rage magana don ta yi mana nauyi a baki, domin sau da yawa ɓangaren da ya fi nauyin shi ne wanda ran mutum ya rataya a kansa. Mutanen gindin marke kuma za su zolaye ku, tabbas, su sa muku suna. Ku bar su su gama dariyarsu, sannan ku faɗi wane ne, ina zai shiga, me zai yi. Su ne dai za su fara faɗawa ruwa saboda baƙon da ko sunansa ba su sani ba.